Yaron Da Gari Guda Ya Ƙi Mantawa Da Shi

Duk yaron da ya zauna a aji ranar karatun tarihi ya san irin mutanen da a kan rubuta sunansu a allo. Ko dai sarki ne da ya ci yaƙi, ko malami da ya wallafa littafi, ko likita da ya gano maganin wata cuta, ko matuƙin jirgi da ya isa inda ba wanda ya taɓa isa. Kowannensu akwai abin da za a nuna a ce, ga aikinsa. Saboda haka yaro ya kan tashi da zaton duniya ba ta riƙe sunan kowa sai wanda ya yi wani babban aiki, sauran jama'a kuwa su zo su wuce kamar ruwan bazara a kan rairayi.

To, yau ga mu da labarin da ya ƙi shiga wannan mudu. A arewa maso gabashin Ingila, a wani ƙauye na bakin teku mai suna Blackhall Colliery, an yi wani yaro, Bradley Lowery. An haife shi ran 17 ga Mayu, 2011, ya rasu ran 7 ga Yuli, 2017, watau yana da shekara 6 da 'yan makonni. Bai ci yaƙi ba, bai wallafa littafi ba, ko karatu ma bai yi nisa ba. Abu guda aka san shi da shi, yana son ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta yankinsu, wadda a ke kira Sunderland. Amma ranar da aka kai shi makwancinsa dubban mutane suka cika hanyoyin ƙauyen, har yau kuwa sunansa bai fita daga bakin mutanen wannan yanki ba. Tambayar da mu ke so mu tauna tare da ku, ya ku 'yan makaranta, ita ce: daidai ne a yi haka? Me yaron nan ya yi da ya cancanci a tuna da shi? In kuwa bai yi komi ba, mene ne mutanen nan su ke tunawa?

Kafin mu amsa, sai mu fara da garin, domin ba a gane ɗa sai an san gidansu. Sunderland birni ne a bakin kogin Wear, inda kogin ke shiga teku. Da can mutanensa da abu biyu su ke ci, ƙera jiragen ruwa da haƙar kwal. Cikin 1988 aka rufe ma'aikatun jirgi na ƙarshe, cikin 1993 aka rufe ramin kwal na ƙarshe da ke cikin birnin. Ramin ƙauyen su Bradley ma tun 1981 aka rufe shi. Filin wasan da ƙungiyar ta koma cikin 1997 a bisa wannan tsohon ramin kwal na birni aka gina shi, har an kafa siffar fitilar mahaƙa a bakinsa. Ita ƙungiyar kuwa, ga abin da zai ba ku mamaki, malaman makaranta ne suka kafa ta. Bisa ga lissafin ƙungiyar, cikin 1879 wani malami mutumin Sikotlan, James Allan, ya tara 'yan'uwansa malamai suka fara wasa, daga baya aka buɗe wa kowa ƙofa. Ta taɓa zama zakarar Ingila har sau 6, amma na ƙarshe tun 1936 ne. Kun ga ke nan, ga mutanen da aikin iyayensu ya ƙare, jirgi ya tafi, kwal ya tafi, abin da ya saura wanda kaka da jika za su zauna benci ɗaya su kira shi namu, shi ne ƙungiyar nan mai riga ja da fari.

A cikin wannan gida aka haifi yaron. Bai cika shekara 2 ba, a farkon 2013, likitoci suka sami wata irin sankara a jikinsa, wadda su ke kira niyurobilastoma. Cuta ce da ta kan tsiro daga ƙwayoyin jijiya waɗanda ba su gama nuna ba, sau da yawa daga wata 'yar halitta da ke bisa ƙoda, yara ƙanana kuwa ta fi kamawa. Aka yi ta magani har ta lafa, iyaye suka fara numfasawa. Cikin Yuli, 2016, sai ta dawo. Iyayen suka shiga neman fam 700,000 don a kai shi Amurka a gwada wani magani.

A ƙasar Ingila akwai wata al'ada, in 'yan wasa za su shigo fili kowa ya kan riƙo hannun wani yaro. Ran 12 ga Satumba, 2016, aka zaɓi Bradley ya shigo da 'yan Sunderland, ranar da za su kara da Everton. A nan ya sadu da gwaninsa, Jermain Defoe, mai ci wa ƙungiyar ƙwallo. Da wasa ya kai minti na 5, gwargwadon shekarun yaron, sai mutanen gida da baƙi suka haɗa murya suna kiran sunansa. Everton ta ci Sunderland 3 da nema, amma da aka tashi sai ta ba da fam 200,000 gudummawar maganin yaron da ke sanye da rigar abokan karawarta. Kuɗin da a ke nema suka cika. Sai dai cikin Disamba likitoci suka gaya wa iyayen cewa cutar ta fi ƙarfin magani, abin da za a iya kawai shi ne a ƙara masa kwanaki.

Watanni bakwai suka rage masa, ga kuwa yadda suka wuce. A Kirsimetin shekaran nan aka aiko masa da katin gaisuwa fiye da 250,000, daga mutanen da bai taɓa gani ba. Ran 14 ga Disamba, kafin wasa da Chelsea, aka ajiye masa ƙwallo gaban raga, ya buga, ta wuce mai tsaron gidan Chelsea, Asmir Begovic. Gidan BBC ya haɗa shi da Henrikh Mkhitaryan a matsayin waɗanda suka ci ƙwallon da ta fi kyau a watan. Cikin Fabrairu, 2017, Defoe ya je duba shi asibiti, yaron ya rungume shi har barci ya kwashe shi a ƙirjinsa. Ran 26 ga Maris, a filin Wembley na Landan, Ingila za ta kara da Lituwaniya, kyaftin Joe Hart ya ja da baya ya bar Defoe da yaron suka shige gaba, Defoe kuwa shi ya ci ƙwallon farko. Ita kuwa Sunderland, a wannan kaka wasa 6 kaɗai ta ci cikin 38, ta zo ta ƙarshe, aka mai da ita aji na biyu bayan ta shekara 10 a na ɗaya. Ƙungiya ta faɗi a ƙarshen Afrilu, yaro ya rasu a farkon Yuli.

Iyakar labarin ke nan. Yanzu sai mu koma ga tambayarmu, kada kuwa mu bar tausayi ya rufe mana ido, domin tambaya ce ta gaske.

Mai hankali na iya tashi ya ce, "Ku dakata. Daraja da aiki a ke samunta. Yaron nan bai zaɓi cuta ba, ta same shi ne. Bai ma zaɓi ƙungiyar ba, gado ya tarar a gida, kamar yadda kowa ke tarar da harshen uwarsa. Abin da mutum bai zaɓa ba, ba a yaba masa a kai, ba a kuma zarginsa. Ku ji tausayinsa, wannan daidai ne, amma kada ku kira tausayi girmamawa."

Maganan nan tana da ƙarfi, rabinta kuma gaskiya ne. Ba za mu ce yaro ɗan shekara 5 ya zauna ya auna ƙungiyoyi ya ɗauki mai shan kashi don ya koya wa duniya haƙuri ba. Wanda ya faɗi haka ya ɗora wa yaro rawanin da ya fi kansa. Amma ga inda mai maganar ya kuskure. Ya ɗauka aiki shi ne kawai abin da mutum ya ƙera da hannunsa. Ku dubi rijiya. Rijiya ba ta zuwa gidan kowa, ba ta noma, ba ta saƙa, tana nan inda aka haƙa ta. Duk da haka a bakinta matan unguwa biyu da ba sa ga maciji su kan haɗu, har wata ta ɗora wa wata tulu. Wa zai ce rijiyan nan ba ta yi wa gari komi ba? Akwai mutanen da amfaninsu a duniya shi ne abin da su ke jawowa daga zuciyar waɗansu. Mutanen Everton suna da kirki tun kafin ranan nan, Defoe yana da tausayi tun kafin ya ga yaron, amma kirkin yana kwance kamar ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Yaron da ya shigo fili yana dariya, alhali kowa ya san abin da ke jikinsa, shi ne gugan da ya jawo shi sama. Dariyan nan kuwa tasa ce, ba gado ba ce. Cuta ba ta zo da ita ba.

Sa'an nan akwai abu na biyu da mai maganar ya manta, watau mene ne ƙungiya tukuna. 'Yan wasa su kan zo su tafi. Defoe kansa ya bar Sunderland ya koma Bournemouth a bazarar 2017. Masu horarwa a kan sallame su, masu kuɗi su kan sayar su yi gaba, ko filin wasan ma an sake shi. Daga 1879 zuwa yau ba abin da ya zauna bai motsa ba sai masu zuwa kallo, uba ya riƙo hannun ɗansa, ɗan ya girma ya riƙo nasa. Su ne ƙungiyar, sauran duk baƙi ne. Saboda haka da mutanen Sunderland suka yi kukan Bradley, ba ɗan kallo suka yi wa kuka ba, ɗan gida suka rasa. Ba a kuwa tambayar ɗan gida me ya ƙera kafin a yi makokinsa.

Ga shaidar wannan magana. Shekara guda bayan rasuwarsa, cikin 2018, Sunderland ta sake faɗuwa zuwa aji na uku, ta yi kaka huɗu a can. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Amma ran 26 ga Disamba, 2018, a wannan aji na uku, mutum fiye da 46,000 suka zo kallonta. Sai cikin 2022 ta hau aji na biyu, cikin Mayu, 2025, ta ci Sheffield United 2 da 1 a Wembley ta komo na ɗaya. Mutanen da suka jure shekara takwas ɗin nan ba riba su ke bi ba. So iri biyu ne. Akwai na ciniki, in ka ci ina tare da kai, in an ci ka na sake riga. Akwai kuma na gida, wanda ba ya tambayar sakamako. Yaron da ya so ƙungiyar da ke ƙarshen jeri, a shekarar da shi kansa ya ke ƙarshen kwanakinsa, ya zame musu madubin irin son da su ke so a san su da shi. In sun tuna da shi, suna tuna wa kansu ne ko su wane ne.

To, mai hankali na biyu ya tashi, maganarsa kuwa ta fi ta farko ɗaci. Ya ce, "Na yarda. Amma ina adalci? A Birtaniya kaɗai, yara wajen 100 ne wannan cuta ke kamawa kowace shekara. Wa ya san sunansu? A ƙasashen da ba su da ƙarfi yara nawa zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda ke ɗauka, ba kati ko ɗaya, ba ɗan wasa a bakin gado? Yaro guda ya sami kati 250,000, na gadon da ke kusa da shi bai sami ko ɗaya ba. Wannan son kai ne aka yi masa ado."

Kada mu yi saurin ture wannan magana, domin duk wanda ya taɓa zama a asibiti ya san gaskiyarta. Ran Bradley bai fi ran kowane yaro tsada ba, mahaifiyarsa ma ba ta taɓa cewa ya fi ba. Amma mu dubi yadda aka yi zuciyar ɗan Adam. In an ce maka yara 100 ba su da lafiya, kanka zai ji, ƙirjinka ba zai motsa ba, domin lissafi ba shi da fuska. In aka nuna maka guda ɗaya, da sunansa, da rigarsa, da yadda ya ke toshe kunne saboda ƙarar jama'a, sai ka ji kamar ƙanenka ne. Wannan rauni ne a halittarmu, amma ta nan ƙofar tausayi ta ke, ba mu da wata. Saboda haka abin tambaya ba shi ne ko an fifita yaro guda ba. Abin tambaya shi ne, da mutane suka shiga ta wannan ƙofa, sun tsaya a bakinta ne, ko sun wuce ciki sun tarar da sauran yaran?

Nan ne ma'aunin kowace irin tunawa. In ta tsaya ga hawaye da tafi da kallon hoto, to, mai hankali na biyu ya yi gaskiya, mutane sun ji daɗin tausayinsu ne kawai, sun koma gida. Amma cikin shekarar da ya rasu iyayensa suka kafa gidauniya da sunansa, aikinta taimakon iyayen da ke neman kuɗin maganin 'ya'yansu, da ba da gudummawa ga binciken sankarar yara. Watau sunan yaro guda ya zama tulun da a ke ɗebo wa waɗanda ba a san sunansu ba ruwa. Wannan bai share rashin adalcin duka ba, ba kuwa za mu ce ya share ba. Yaron gadon kusa har yanzu bai sami katinsa ba. Amma maganin wannan ba shi ne a rage wa Bradley ba, sai dai a ƙara wa wancan. Wanda ya ce kada a yi wa kowa kuka tun da ba a iya yi wa kowa da kowa, ƙarshensa ba zai yi wa kowa ba.

Saura tambaya ta uku, ita ce wadda yara su kan yi, ita ce kuma ta fi gaskiya: "Ai bai warke ba. Kuɗi sun cika, kati sun zo, gwaninsa ya rungume shi, duk da haka ya mutu. Me aka yi ke nan?" Amsarmu ita ce, warkarwa dabam, jiyya dabam. Warkarwa ba kullum ta ke hannun mutum ba, ko da likita ne. Jiyya kuwa, watau zama kusa da mai ciwo, da sanyaya masa rai, da nuna masa ba shi kaɗai ba ne, kullum tana hannunmu. Tun cikin Disamba kowa ya san yadda abin zai ƙare. Defoe ya sani. Da ciniki ya ke yi, ranan nan ya kamata ya janye, domin ba ribar da ta saura sai baƙin ciki. Sai ya ƙara matsowa. Ya je bikin cikarsa shekara 6 cikin Mayu, bayan ƙungiyar ta riga ta faɗi. Ya je duba shi a gida a kwanakinsa na ƙarshe, bayan ya riga ya sake ƙungiya. Ran 14 ga Yuli yana cikin masu rakiya. Zumunta a ƙafa ta ke, in ji Hausawa, ba su kuwa ce sai ga wanda zai warke ba. Kwanakin yaro ba su yi yawa ba, amma waɗanda ya samu an cika masa su. Wanda ya ce wannan banza ne, sai ya ce duk alherin da aka yi wa mai mutuwa banza ne, mu duka kuwa masu mutuwa ne.

Akwai wani abu a ranar jana'izan nan da ya kamata ku riƙe. Iyayen sun roƙi jama'a kowa ya zo da rigar ƙungiyarsa, kowace iri ce, domin cuta ba ta san launin riga ba. Tsakanin Sunderland da maƙwabciyarta Newcastle, mil 12 ko kusa da haka, akwai hamayya ta fiye da shekara 100, wadda ta sha kai mutane ga dambe. Ranan nan aka ga ja da fari tsaye kusa da baƙi da fari. Wannan ya tona asirin hamayyar wasa: ashe riga ce, a kan sa a kan tuɓe. Kamar wasan taubasai ne, ko na Katsinawa da Nufawa, a yi ta zolaya a kasuwa, amma ran da mutuwa ta shiga gidan ɗaya, ɗayan ne farkon zuwa gaisuwa.

Wanda ya manta cewa riga ce, ga abin da ke samunsa. Cikin Satumba, 2023, Sunderland ta je wasa birnin Sheffield. Wani mutum cikin 'yan kallo ya ɗaga hoton marigayin a wayarsa yana dariya, don ya ƙona wa baƙi rai. Kotu ta hukunta shi, ta kuma hana shi shiga filin wasa shekara 5. Ba mu kawo sunansa ba, domin ba shi ne darasin ba. Darasin shi ne abin da sauran magoya bayan ƙungiyarsa, Sheffield Wednesday, suka yi. Ba su ce namu ne, mu rufa masa asiri ba. Suka ji kunya, suka tara kuɗi suka aika wa gidauniyar yaron. Sun gane cewa son ƙungiya ba ya nufin goyon bayan duk wanda ya sa rigarta. Shekara 6 bayan rasuwarsa, yaron nan yana nan yana aikin rijiya.

Yanzu mu dawo gare ku. Da yawanku kun san sunayen ƙungiyoyin nan, kun kalle su a gidan kallo, wataƙila ma kun taɓa ɓatawa da aboki saboda su. Ba mu hana ku ba, wasa yana da daɗi. Amma ku lura, Bradley ba ƙungiyar da ta fi kowa cin kofi ya so ba, ta ƙofar gidansu ya so. Kano Pillars ta zama zakarar Nijeriya sau 4 tsakanin 2008 da 2014, ta faɗi aji na biyu cikin 2022, ta komo cikin 2023. A shekarar faɗuwa a ke sanin masu gida, ba a shekarar kofi ba. Haka ƙungiyar makarantarku, haka ta unguwarku. Kada ku zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Abin ma ya wuce ƙwallo. A kowace makaranta akwai wanda ba ya cikin goma sha ɗaya, ba a kiran sunansa ranar ba da kyauta, amma ba a taɓa yin wasa bai zo ba. Shi ke ɗauko ruwa, shi ke tsinto ƙwallo daga bayan shinge, muryarsa ce ta ƙarshe da a ke ji sa'ad da aka ci ku 4. Wataƙila gurgu ne, wataƙila tsohon mai gadi ne. Kun taɓa ce masa sannu? Akwai kuma benci a ajinku wanda ya yi mako uku ba kowa a kansa, domin mai shi yana kwance. Ba ku da fam 200,000, ba ku da filin Wembley. Amma kuna da ƙafa, kuna da littafin da za ku kwafa masa darasin da ya wuce shi, kuna da labarin wasan jiya da za ku kai masa. Abin da Defoe ya yi wanda ya fi komi nauyi, watau zama a bakin gado, ba ya bukatar ko anini.

To, ga amsar tambayarmu. Daidai ne a tuna da yaron, ba don ya fi sauran yara ba, ba kuma don ya ƙera wani abu ba. A tuna da shi don shi ɗan gida ne, don ya so abin da ya so ba da ciniki ba, don kuma ta dalilinsa mutane da yawa sun ga kirkin da ba su san suna da shi ba. Sharaɗi guda ne, kada tunawar ta tsaya a kansa. Allon tarihi yana da wurin sarakuna da masana, ku yi ƙoƙari ku kai can, ba mu rage muku himma ba. Amma ku sani gari yana da wani allo wanda ba a rataye shi a aji, a kansa a ke rubuta waɗanda suka zo ran da aka ci mu, da waɗanda suka zauna ran da likita ya ce ba sauran dabara. Ba a jarrabawa kafin a shiga wannan allo, ba a kuwa tambayar shekaru.

Gobe in an tashi daga makaranta, ku tambayi malam gidan mai bencin nan.